Jarumi da Bos: Nazari a kan "Ibro Usama" da Hirar Amurka a Ƙasar Yauri

Ƙasar Ngaski tana gabas da tabkin Kainji, cikin masarautar Yauri, hedikwatarta kuwa Wara. Mazaunanta akwai Kambari, da Gungawa, watau mutanen da suka samo sunansu daga gungu, da Sarkawa masunta, da sauran Hausawa. Tun sa'ad da aka gina madatsar Kainji tsakanin 1964 da 1968, ruwa ya ci tsibirai, aka sāke wa dubban mutane matsuguni, cuɗanya ta ƙaru, Hausa kuwa ta ƙara zama harshen kasuwa da na hira. Saboda haka abin da mutum ya ji da Hausa a rediyo, ko ya gani a gidan kallo, shi ne mafi yawan abin da yake riƙe da shi game da ƙasashen nesa. Nufin wannan takarda shi ne a duba yadda fim ya ba masu hira ma'aunin da suke auna siyasar Amurka da shi, a kuma gwada wannan ma'auni da wasa guda, watau "Ibro Usama".

Da farko sai a dubi kalmomi, gama su ke tona asirin tunani. Kallo ya shigo ƙasar Hausa ta ƙofa biyu. Ta ɗaya ita ce majigi, wanda En'e ke zagawa da shi ƙauyuka don koyar da tsabta da noma. Ta biyun ita ce silima, wadda aka fara buɗewa a Kano cikin 1937, inda aka riƙa nuna finafinan kaboyi na Amurka, daga baya na Indiya suka kere su. Daga silima ne 'yan kallo suka tsinci kalmar "bos". A Turanci ma'anarta ubangidan aiki, amma Bahaushe ya ƙuntata ta, ya mai da ita sunan babban mugun da jarumi zai kashe a ƙarshen fim. Wannan sauyin ma'ana ba laifi ba ne, haka harsuna ke yi da aro. Inda hatsari yake shi ne kalmar ta fito daga gidan kallo ta shiga majalisa. In aka tā da zancen Bush da Saddam, ko zaɓen Obama na 2008, ko na Trump na 2016, sau da yawa abin da ake nema a fara sani shi ne wane ne jarumi, wane ne bos. Ƙasa mai jihohi 50, da majalisun dokoki biyu, da kotun ƙoli mai iya taka wa shugaba burki, sai ta koma mutum guda mai bindiga.

A cikin irin wannan yanayi "Ibro Usama" ya fito cikin 2002. An kai hari New York da Washington ran 11 ga Satumba, 2001, Amurka ta fara ruwan bama-bamai a Afghanistan ran 7 ga Oktoba, kafin mako guda ya cika zanga-zangar da aka yi a Kano ta rikiɗe ta zama tarzoma, aka yi asarar rayuka. Hotunan Usama bin Ladan suka cika kasuwa, aka riƙa raɗa wa jarirai sunansa. Sai Rabilu Musa Ɗanlasan, wanda aka fi sani da Ɗan Ibro, ya fito a matsayin Usama, abokan wasansa kuma suka fito a matsayin Bush da muƙarrabansa. Waɗansu malamai a Kano suka yi tir da fim ɗin, suna ganin an wulakanta mutumin da jama'a da yawa suka ɗauka gwarzo. Duk da haka cikin 2003 aka biyo shi da "Ibro Saddam".

Masu sukar sun gane abu guda daidai: wasan ba yabo ba ne. Ibro ya riga ya yi suna da rawar mai wayo, mai kwaɗayi, mai cika baki, kamar Gizo na tatsuniya. Duk rawanin da ya naɗa, ɗan kallo Ibro zai gani a ƙarƙashinsa. Amma abin da suka ɗauka aibi, shi ne ainihin darajar wasan. A lokacin da kowa ya rabe gida biyu, wasan ya hana 'yan kallo jarumin da suka zo nema, ya sa manyan duka ɓangarorin cikin kwando guda na abin dariya. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a adabin Hausa. 'Yan kama, waɗanda C. G. B. Gidley ya yi nazarin sana'arsu cikin 1967, sun daɗe suna kwaikwayon karatun malamai suna cusa zancen tuwo da miya, yara kuma suna yin irin haka a wasan tashe cikin watan azumi, ba wanda ya ce sun fita daga addini.

Raunin wasan yana wani wuri dabam. Ya sauke manya daga kan karaga, amma bai faɗaɗa dandalin ba. Har yanzu yaƙin rigima ce tsakanin shugabanni, kamar yadda sunan fim ɗin kansa ya nuna. Wanda ya kalle shi ba zai ƙaru da sanin wa ke ba shugaban Amurka izinin yaƙi ba, ko wa ke biyan kuɗinsa. Watau ya fasa gunkin, amma ya bar tubalin da aka gina shi da shi.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin hannun Amurka yana cikin abin da Bahaushe ke ji da gani. Sashen Hausa na Muryar Amurka ya fara aiki cikin 1979, shekara 22 bayan na BBC, kuma umurnin Shugaba Trump ne ya katse shirye-shiryensa cikin Maris, 2025. Tashar Arewa24, mai "Daɗin Kowa" da "Kwana Casa'in", da kuɗin ma'aikatar harkokin wajen Amurka aka kafa ta cikin 2014. Masunci a Wara da ya murɗa rediyo ya ji shiru, siyasar Washington ce ta iso kwalekwalensa, kuma "jarumi" da "bos" ba za su iya yi masa bayaninta ba.

Saboda haka wajibi ne malaman kwalejojin horon malamai su shigar da irin waɗannan finafinai cikin darasin adabi, maimakon su bar su ga gidan kallo. A koya wa ɗalibi ya rarrabe abu uku: labari, da ra'ayi, da wasa. A tambaye shi wa ke magana, wa ya biya kuɗi, wa aka bari a waje. Wannan ya fi zama dole a wuri irin Ngaski, inda yara da yawa ke tsintar Hausarsu a kasuwa da gidan kallo, suna ɗaukar kalma tare da hukuncin da ke goye a bayanta. Ɗan Ibro ya rasu cikin Disamba, 2014, Allah ya jiƙansa. Ya yi rabin aikin da dariya, sauran rabin kuwa na masu alli da allo ne.