Masu hoton bakin dam, ku juyo da wayar wajen lambu

'Yan shekarun nan matasa masu sha'awar hoto sun gano bakin ruwa. Da la'asar ta yi sanyi sai ka gan su a dam ɗin Malumfashi, ko Mairuwa da Gwaigwaye a wajen Funtuwa, waya a hannu, ana dakon faɗuwar rana. Wannan yawo ya yi mini daɗi, don ya fitar da hoto daga shago, inda aka daɗe ana tsayar da mutum gaban labule mai zanen jirgin sama. Abin da suke dawowa da shi ne bai gamsar da ni ba: ruwa, jar rana, da mutum guda ya ba da baya yana kallon nesa. In ka ga ɗaya a Instagram ka ga sauran.

Salon na aro ne, kuma ba a ɓoye yake ba. A Ingila akwai hanyoyin ruwa da aka haƙa tun ƙarni na 18, irin na Bridgewater da aka buɗe a 1761 don kai kwal birnin Manchesta. Kowace tana da 'yar turba a gefe, inda doki ke bi yana jan jirgi da igiya. Da jirgin ƙasa ya karɓe dakon kaya, turbar ta koma ta masu shan iska. In Afrilu ya kama, itatuwa suka yi toho, masu kyamara kan bi ta suna ɗaukar fure da inuwar gada a ruwa. Me kuma za su ɗauka? Dokin da mai jansa sun daɗe da barin wurin.

Mu kuwa bakin ruwanmu wurin aiki ne har gobe. A Maris da Afrilu, lokacin da gonakin tudu suka zama ƙura da kututturen dawa, ƙasan dam da fadamu suna kore shar da albasa, tattasai da tumatir. Iyakar da ke tsakanin busasshiyar ƙasa da fangalin farko, wadda wani lokaci ba ta wuce taku guda ba, ta fi faɗuwar rana ɗari abin kallo. Ga gawo, mai ganye da rani, wanda ke kakkaɓe shi in damina ta sauka. Ga mangwaro ya fara nuna, balbela na bin shanun da aka kawo shan ruwa, yaro na jan tiyo daga bakin inji ruwa na fesowa ta inda ya huje. Ka leƙa Ɗanja lokacin kwasar tumatir, ka ga kwanduna jere a bakin titi da fuskar manomi in dillali ya faɗi farashi. Duk wannan ana wuce shi a je a tsaya kan dutse.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne rinin da ake yi wa hoto bayan an ɗauka. A ƙara kore, a ƙara shuɗi, har bazarar Malumfashi ta koma Agusta. Hasken bazara fari ne mai ƙura, kuma da shi aka san mu. Wanda yake ganin ya yi kaushi, ya fita bayan asuba kafin hantsi ya ɗaga. A lokacin ne ma masu ban ruwa suka fi aiki.

Na san dalilin da ya sa ruwa ya fi sauƙi: ba ya tambayar me za a yi da hotonsa. Mai lambu zai tambaya, kuma yana da gaskiya. Sai an yi sallama, an ce "Sannu da aiki, Baba," an faɗi abin da ya kawo mutum, in ya ƙi a haƙura. Matan aure da 'yan mata masu tsintar kaya kuwa, ba a ɗaga musu waya sai da izini. Ga kuma halin tsaro a kudancin Katsina. A tafi da ɗan gari, a dawo kafin magariba.

Akwai gaggawa a lamarin. Injin fetur ya kusa shafe jigo, yanzu kuma mai aiki da hasken rana ya fara shigowa fadama. Duk wanda ya ci karo da dattijo yana ɗebo ruwa da jigo, ya roƙe shi ya ɗauka, ya rubuta sunan ƙauyen da shekarar, ya kuma wanko guda ɗaya ya kai masa.