Marubuciya Da Makarantanta: Wa Ke Riƙe Da Alƙalamin?

Harkar ƙagaggun labarai na Hausa ta tashi daga rumfunan masu sayar da littattafai ta koma cikin waya. Yanzu marubuciya ba ta jiran maɗaba'a. Za ta saki shafuka goma ko ashirin kyauta a WhatsApp ko Wattpad, in labari ya ɗauko daɗi sai ta tsaya, ta ajiye lambar asusu: mai son ci gaba ya biya a sa shi a guruf. Ina murna da wannan hanya, domin mata da yawa sun samu abin rufin asiri daga cikin ɗakunansu. Amma tseren tara makaranta da jiran shigowar alat yana cin rubutun, yana kuma cin marubutan.

Wadda ta karɓi kuɗin mutane ta ɗauki alkawarin shafi kullum. Ta gama girki, ta kwantar da yara, sha biyun dare tana danna waya, idanu sun yi jajir, don ta san da asuba saƙonni za su fara shigowa: "Anti, yau shiru?" Babu lokacin sake karantawa, balle gyara. Ciwo ko rasuwa ma sai ta ba da haƙuri kamar mai laifi.

Abin da ya fi damuna shi ne labarin ya daina zama nata. Kowane shafi ya fita, sharhi na biye da shi: a wulaƙanta kishiyar nan, a dawo da wane, wallahi in kika raba su mun daina karantawa. Tsoron kada guruf ya watse sai ya sa ta bi. Labarin da ya kamata ya ƙare a shafi arba'in a ja shi ya wuce ɗari, a ƙirƙiro haɗarin mota, a ƙaro wata kishiyar. Shi ya sa taurarin suka zama iri ɗaya: ɗan attajiri mai ji da kai, da 'yar talaka mai haƙuri. In kasuwa ta ja baya kuma, wasu sai su buɗe ƙofar ɗakin kwana, don sun ga batsa na kawo kuɗi da wuri. Kuɗin zai ƙare, rubutun kuwa yana nan yana yawo da sunanta, har ranar da 'yarta za ta ci karo da shi.

Marubutan Adabin Kasuwar Kano su ma ciniki suka nema. Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa da tsararsu ai don a saya suka buga littattafansu. Bambancin shi ne suna kammala tunaninsu kafin mai saye ya gani. A 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne, labarin matar da miji ya kora da 'ya'yanta bayan ya yi amarya. Ta faɗi abin da ke ranta ba tare da wani ya tsaya a kanta yana ba ta umarni ba, kuma a 2012 aka fitar da fassararsa ta Turanci a Indiya. Cikin littattafan da ake zubowa kullum yanzu, nawa ne za a nema bayan shekara ashirin?

Ga kuma abin da tseren ke jawowa tsakanin marubuta: zargin satar fasaha, habaici, gaba. Wata ta saya ta watsa littafin kyauta, wani ya karanta shi a YouTube ba izini, marubuciya ta wuni tana Allah ya isa maimakon rubutu. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Ba na cewa a daina sayarwa. Guminki ne, ki ci. Roƙona ga 'yan'uwa marubuta shi ne a gama littafi kafin a karɓi kuɗin kowa, a ba wanda ya san ƙa'idar rubutu ya duba, a kuma yanke iyakar da ba za a tsallaka ba ko nawa za a biya. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna cewa matanmu na iya rubuta gajeren labari mai nauyi in sun samu natsuwa. Mu makaranta kuma mu rage matsi. In muna son labari mai kyau, mu bar mai shi ta rubuta shi yadda ta gan shi.