Baba ta Karo da Kyautar da Hannu Ya Yi

Da sanyi ya sauka a Lausu, dawa ta shiga rumbu, gyaɗa ta shiga buhu, sai gidaje su koma shirin biki. Hunturu a wajenmu lokacin aure ne, don a lokacin ne manomi ke da abin hannu. Bana ma na tarar da goggona ta baza tabarma a hantsi, kaba a gefe cikin ruwa, tana saƙa faifan da za ta kai wa ɗiyar ƙawarta. Na ce mata, "Goggo, ai na roba sun cika kasuwar Rano." Ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce uwar yarinyar ce ta daɓe mata ɗaki ranar nata auren, ba za ta shiga gidansu da abin da kowa zai iya saye ba.

Maganar nan ce ta mayar da ni ga littafin Baba of Karo, wanda na daɗe ban buɗe ba.

Baba tsohuwa ce da aka haifa wajen 1877 a Karo, kusa da Zarewa, can yamma da mu, inda ƙasar Kano ke haɗuwa da ta Zazzau. Daga Nuwamban 1949 zuwa Janairun 1950, wato a tsakiyar sanyi irin wannan, ta zauna a Giwa da wata Baturiya, Mary Smith, tana ba ta labarin rayuwarta da Hausa, ita kuma tana rubutawa. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito da Turanci a Landan a 1954. Yawancin masu karanta shi hankalinsu na tafiya ne ga harin bayi, da zaman rinji, da zuwan Turawa, da aurenta huɗu. Duk suna ciki, kuma ta faɗe su ba ɓoye-ɓoye. Amma ni abin da ya riƙe ni a wannan karatun shi ne yadda tsohuwar ba ta iya wuce suna ko aure ba tare da ta tsaya ta lissafa wa ya kawo me ba.

Da farko lissafin na iya gundurar mutum. Zane, goro, ƙwarya, hatsi, kuɗi, wance ta ba wance. Sai ka yi nisa sannan za ka gane cewa a nan ne matan suke ajiye tarihinsu. Maza na da sarauta da yaƙi, su kuma mata suna da ƙawance da biki: na kai miki yau, ranar nawa ki ninka, haka zumunci ke ta yin kauri har tsufa. Baba ba ta haihu ba, ’ya’yan riƙo ta raina, amma ba ta zauna ita kaɗai ba, saboda ƙawaye da ƙannen rana da ta tara. Kuma wanda ya tashi a karkara ya san daga ina abin bikin yake fitowa. Mace ta gurje auduga, ta shiɓe, ta zauna da mazari da alli tana kaɗi, a sayar da zaren ko a kai wa masaƙi. Kafin zane ɗaya ya isa ɗakin amarya, yatsu sun yi makonni suna aiki. Mu da ake kira ƙasarmu ta sarakunan baba, Kano da Rano, bai kamata wannan ya zama mana baƙon labari ba, ga Kura nan kusa da mu da sunan da ta yi a rini.

Yabon da zan yi wa Mary Smith shi ne ta iya yin shiru. Ba ta katse tsohuwar don ta yi mana sharhi, ba ta gyara mata ra’ayi. Inda Baba ta ratse ta shiga labarin wata kishiya ko wani ɗan’uwa, a nan aka bar ta har ta dawo da kanta. Shi ya sa kana karantawa kana jin kamar a tsakar gida kake, bayan sallar isha’i, an kewaye wuta.

Inda raina bai cika ba wuri biyu ne. Doguwar gabatarwar da mijin Mary, M. G. Smith, ya rubuta, an yi ta ne don ɗaliban jami’o’in Turai, Bahaushe zai iya tsallake ta bai yi asara ba. Na biyu ya fi ci mini rai. Littafin ya faɗi abin da aka bayar, amma bai cika tsayawa a kan yadda aka yi shi ba. Na so a ce Baturiyar ta ce, "Baba, nuna mini," ta rubuta yadda ake rina kaba, da yadda ake jera ƙore da tasoshi a ɗakin amarya har su kai sama, da sunan kowane zane da ake fitarwa a fuskar faifai. Ga Baba waɗannan ba abin faɗa ba ne, kowace yarinya ta iya. Yau su ne muke nema. Turancin ma ya rage wa bakinta gishiri, musamman a waƙoƙin mata, waɗanda ba sa tsayuwa sai da tafi da amshi.

Duk da haka, da na karanta wa goggo wani wuri ina mayar mata da shi Hausa, sai ta ajiye kabar ta ce, "Wannan tsohuwa ta san biki." Daga nan ta shiga lissafa mini abin da kowace ƙawa ta kawo mata ranar da aka kai ta ɗaki, ɗaya bayan ɗaya, har da wadda ta zo daga Kibiya a ƙafa da nakiya cikin ƙwarya. Na tashi na ɗauko biro da takarda, na ce ta fara daga faifan da ke hannunta.