Kwandon Waƙoƙin Yayi: Bitar Jerin Faifan Now

Ranar 28 ga Nuwamba 1983 kamfanonin Virgin da EMI suka fitar da wani kundin waƙoƙi a Birtaniya, a faifan garmaho guda biyu da kuma kaset. Waƙoƙi 30 ne a ciki, 11 daga cikinsu sun taɓa hawa matsayi na ɗaya a jadawalin ciniki na shekarar. Sunan da aka sa masa, Now That's What I Call Music, daga wani tsohon hoton talla aka ɗauko shi, tallan nama na ƙasar Denmak mai ɗauke da zanen alade yana sauraron carar zakara. Richard Branson, mai Virgin, shi ya saye shi ya ba ɗan'uwansa Simon Draper ya rataya a ofis. Abin da ya fara kamar raha ya zarce lamba 100, har yau kuma ba a daina ba.

Kafin zuwansa, wanda bai da kuɗin sayen kowace waƙa ɗai-ɗai zaɓi biyu gare shi, duka ba daɗi. Akwai faya-fayan Top of the Pops na kamfanin Pickwick masu araha, amma jabu ne: mawaƙan haya da ba a bayyana sunansu ba ke kwaikwayon muryar masu waƙar. Akwai kuma na K-tel da ke kawo muryar asali, sai dai sukan datse waƙa don a cusa da yawa a faifai ɗaya. Now ya zo da waƙar asali daga taskar manyan kamfanoni biyu da suka haɗa kai. Kasuwa ta karɓa nan take. A 1984 CBS da WEA suka fito da nasu mai suna Hits don su yi goyayya, kafin Janairun 1989 kuwa irin waɗannan kundaye sun cika jadawalin ciniki har sai da aka ware musu nasu daban.

Na koma kan kundi na farko kwanan nan, na saurare shi daga fari har ƙarshe ba tsallake. Phil Collins ne ya buɗe da "You Can't Hurry Love". Ga UB40 da "Red Red Wine", waƙar Neil Diamond da suka yi wa kiɗan rege. Ga Bonnie Tyler da muryarta mai kaushi, ga Culture Club da "Karma Chameleon". Ga Tina Turner da "Let's Stay Together" ta Al Green, daidai lokacin da tauraronta ke sake haskawa bayan shekaru na dusashewa, kafin kundinta Private Dancer ya fito a 1984. Waɗannan kowa ya yarda da su. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Kajagoogoo. Ƙungiyar ta samu gurbi biyu, sannan jagoran waƙarta Limahl, wanda suka sallama a cikin shekarar, shi ma ya samu nasa da "Only for Love". Gurbi uku cikin 30, ga mutanen da yau in ka cire "Too Shy" da wuya ka samu mai tuna wata waƙarsu.

Wani zai kira wannan aibi. Ni a wurina nan darajar jerin take. Kundayen da ake haɗawa daga baya, irin masu cewa ga gwanayen waƙoƙin shekarun 1980, an riga an sheƙe su, an zubar da ƙaiƙayi, an bar tsaba. Suna nuna mana zamanin yadda muke so a ce ya kasance. Shi kuwa Now ana haɗa shi ne tun ƙura ba ta lafa ba, lokacin da mai haɗawar bai san wa zai daɗe wa zai ɓace ba. Abin da ke tashe a watannin nan shi yake kwasowa, gwani da ɗan koyo, mai hikima da mai shirme, duk a kwando ɗaya. Saboda haka in kana son jin abin da kunnen ɗan makaranta a Manchester ya sha a ƙarshen 1983, nan za ka zo. Wanda ya taɓa kai kaset wurin mai ɗaukar waƙa a kasuwa ya ce a zuba masa masu tashe, ya san irin wannan ajiya: bayan shekara ashirin, waƙar da ka manta da ita ce ke mayar da kai ɗakin da ka fara jin ta.

Ba a zube kawai ake tara su ba kuma. Ashley Abram, wanda ya riƙe aikin tsarawa daga lamba ta 2 har ta 81, yana da kunnen mai shirin rediyo. Yakan buɗe da manyan waƙoƙi, ya jera na rawa kusa da juna, ya tara masu sanyi wuri guda don kada a yi wa mai sauraro fizge. A lamba ta 44 ta ƙarshen 1999, wadda ta fi kowacce ciniki da kwafi sama da miliyan biyu, Britney Spears ce ke gaba da "...Baby One More Time", sai Shania Twain, ga Lou Bega da "Mambo No. 5", ga Eiffel 65 da "Blue". Rabinsu ba za su ci gasar hikima ba. Amma ka sa faifan ka ga ko ƙafarka za ta zauna lafiya.

Giɓi kam akwai, kuma babba. Shekarar 1983 ta Michael Jackson ce, amma babu "Billie Jean" a kundi na farko, don haƙƙin mallakarta na hannun wani kamfani. Madonna ta yi duk tashenta na shekarun 1980 ba ta leƙo jerin ba. Jerin madubi ne mai tabo, lauyoyi da 'yan kasuwa ne suka yi masa shi. Sannan kunnen Birtaniya kawai yake nunawa. Amurka sai 1998 ta fara nata jerin.

Da lamba ta 100 ta fito a Yulin 2018, zamanin da waƙa ta koma cikin waya, an cika faifai na farko da sababbi, Calvin Harris da Dua Lipa a gaba, aka keɓe na biyu ga zaɓaɓɓu daga shekarun baya, UB40 na buɗewa. Biki ne, ya kuma cancanta. Sai dai wannan faifai na biyu shi ne ya fi ƙarancin burge ni, domin a nan Now ya yi sheƙar da bai saba yi ba. Na saurare shi sau ɗaya, na koma kan na 1983, na sake sa waƙar Limahl.