Kasuwar 'Yan Wasa a Bakin 'Yan Kallo: Tarken Hirar Ƙwallo ta Damina a Birnin Gwari

1.0 Gabatarwa

Kowace shekara, daga watan Yuni zuwa ƙarshen Agusta, manyan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na Turai kan shiga ciniki, wannan ta ɗauko ɗan wasa, waccan ta sallama nata. A mafi yawan wannan lokaci gasa tana hutu, amma bakin 'yan kallo ba ya hutawa. Hasali ma a nan ne magana ke yin kasuwa, domin babu sakamakon wasa da zai kashe gardama. Kowa sai ya auna waɗanda ƙungiyarsa ta ɗauko, ya kushe na abokin hamayya, sannan ya yanke hukunci a kan kakar da ba ta zo ba.

Wannan maƙala ta ɗauki irin wannan hira a matsayin reshe na adabin baka na zamani, wanda ya cancanci a yi masa tarke kamar yadda ake yi wa kirari da zambo da bakin 'yan kasuwa. Misalan da za a kawo na tsinto su ne daga majalisu da teburan mai shayi da ƙofofin gidajen kallo na garin Birnin Gwari, inda na sha zama. Abin da nake son nunawa shi ne, hirar tana da ƙarfi a duk inda ta ɗebo kalmominta daga gona da kara, tana kuma raunana a inda ta haɗiye fassarar da ba a tauna ba, musamman a garin da wasu kalmomin ciniki suka riga suka ɗauki wani nauyi na daban.

2.0 Muhallin Hirar

Birnin Gwari na yammacin Jihar Kaduna, kimanin kilomita 120 daga garin Kaduna, a kan hanyar da ta nufi Tegina. Ƙasa ce ta noma, musamman masara, ga kiwo, ga dajin Kamuku da ya haɗe da wasu dazuzzuka har zuwa Neja da Zamfara. Wannan daji da ya kasance arziki shi ne kuma ya zama mafakar 'yan bindiga na tsawon shekaru, har tafiya a kan hanyar Kaduna ta zama abin fargaba. A ƙarshen Satumbar 2021 gwamnati ta sa aka katse layukan waya a yankin na kusan wata biyu. Kasuwar shanu ta garin kuwa ta shekara da shekaru a rufe, sai a Nuwambar 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe ta bayan sulhu.

An kawo wannan bayani ne don mai karatu ya san su wane ne masu hirar. Manoma ne da 'ya'yan manoma, da direbobi, da dillalai, da malaman makaranta. Mutumin da bai da tabbacin zai iya zuwa gonarsa gobe, shi ne da dare yake tabbatar wa jama'a cewa Arsenal za ta ɗauki kofi baɗi. Wanda ya ga wauta a nan bai fahimci aikin hirar ba. Fage ne da ake iya yin buri da baki ba tare da an yi asara ba.

3.0 Zubin Hirar

Duk da cewa hirar ba ta da jagora, wanda ya saurara da kyau zai ga tana bin matakai huɗu.

Na farko shi ne kawo labari. Wani zai buɗe da “an ce” ko “na ji a rediyo”, wani ya nemi madogara. A nan ana bambanta “ana zawarcinsa” da “an yi tayi” da “ya sa hannu”, kuma wanda ya kawo ji-ta-ji-ta a matsayin tabbas yakan sha dariya.

Na biyu shi ne wasa sabon ɗan wasa. Salon na kirarin 'yan dambe ne, irin wanda Ɗan Anace ya shahara da shi wajen wasa Shago, wato gajerun jimloli masu kambamawa da siffantawa:

(1) Guguwa mai tashi da bukkar 'yan baya.
(2) Ƙafar hagu, maganin mai tsaron gida.

Na uku shi ne zambo da habaici, wanda magoyin bayan wata ƙungiya kan mayar:

(3) Alhaji, kun sayo tsohon sa da kuɗin bijimi.
(4) Naku kullum gyaran rufi kuke yi, alhali gindin bango ne ya ci.

Misali na (4) ya ƙunshi sharhi na gaske a kan wasa, domin manufarsa ita ce ƙungiyar ta tara 'yan gaba ta bar baya a buɗe. Ga gajarta, ga hoto, ga hujja. Ba kowane mai sharhi a rediyo ne zai faɗi haka cikin kalmomi goma sha biyu ba.

Na huɗu shi ne hasashe, wanda yawanci karin magana ke rufewa. Mai zumuɗi zai ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Dattijon majalisa kuwa sai ya ce, “Yabanya, Allah ya fis she ki fari.” Daminar 2021 ta ba da kyakkyawan misali. A watan Agusta na shekarar Messi ya bar Barcelona zuwa Paris Saint-Germain, Ronaldo kuma ya koma Manchester United yana da shekara 36. Magoya bayan United suka cika gari da cewa da tsohuwar zuma ake magani. Da kaka ta ƙare, United ta tsaya a ta shida, a Nuwambar 2022 kuma Ronaldo ya bar ta. Har yanzu abokan hamayya ba su daina tuna musu da zumar ba. Wannan ma wata siffa ce ta hirar: ba a mantuwa, magana bashi ce da ake biya a ƙarshen kaka.

4.0 Rumbu Biyu: Gona da Kara

Mafi yawan kalmomin hirar daga wurare biyu suke fitowa. Daga gona ake samo “iri” ga matashin ɗan wasa, da “taki” ga kuɗin da mai ƙungiya ya zuba, da “fari” ga jerin wasannin da ba a ci ba. Na taɓa jin an kira ɗaukar yaro ɗan shekara goma sha bakwai da “binne”, wato shukar da ake yi a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka. Wanda ya san noma ya san binne caca ce, ko ta riga ta kowa tsira ko ta ruɓe. Da wuya a sami kalmar da ta fi wannan dacewa.

Daga kara kuwa aka ɗebo dukan tsarin ciniki. Ƙungiya takan “taya”, mai ɗan wasa ta ce “albarka”, dillali ya shiga tsakani, a “sallama”, ya karɓi “la'ada”. Gwajin lafiyar da likitoci ke yi wa ɗan wasa kafin ya sa hannu, wasu kan kira shi “duba haƙori”, kamar yadda ake gane shekarun dabba. Wannan aro ya yi nasara saboda tsarin cinikin biyu iri ɗaya ne, mai sauraro ba ya buƙatar ƙarin bayani. Haka nan “kakar wasa”, wadda kafafen watsa labarai suka yaɗa, ta zauna daram, domin kaka lokacin girbi ce da lissafin abin da aka samu.

5.0 Wuraren Rauni

5.1 Bazara ko damina?

Masu fassarar labarin wasanni sun saba cewa “kasuwar bazara”, 'yan kallo kuma sun karɓa. Amma bazara a Hausa, kamar yadda ƙamusun Bargery na 1934 ma ya nuna, ita ce lokacin zafin da ke gabatar saukar ruwa, wato kusan daga Maris zuwa Mayu. Yuni zuwa Agusta a ƙasar Hausa tsakiyar damina ce. Sai ga manomi a Birnin Gwari, da taɓon noman biyu a ƙafarsa, ruwa na dukan kwanon gidan kallo, yana cewa “a wannan bazarar mun yi cefane”. An fassara yanayin Turai, an manta kalandar mai sauraro. Illar ba ta tsaya ga ƙwallo ba, domin ɗaliban da muke koyarwa sun fara ɗaukar bazara a matsayin sunan dogon hutu. “Kasuwar damina” ta fi gaskiya, kuma ta fi haɗuwa da sauran kalmomin gona da hirar ta riga ta ɗauka.

5.2 Saye, sayarwa da fansa

Rauni na biyu ya fi zurfi. A haƙiƙa ba mutum ake saye ba, yarjejeniyar aikinsa ce ake biyan kuɗin warwarewa. Tun daga hukuncin Bosman na 1995, ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare a ƙasashen Tarayyar Turai yana iya tafiya ba tare da an biya ko sisi ba. Amma Hausar hirar ta taƙaita zance zuwa “an saye shi”, “za a sayar da shi”, “an ba da shi aro”. A harshen da ya san kasuwar bayi, wanda yake da “murgu” da “fansar kai”, a ƙasar da ba a kammala soke bauta a doka ba sai 1936, waɗannan kalmomi ba fanko ba ne.

Matsalar ta fi fitowa a kan kuɗin da ake rubutawa cikin kwantiragi cewa duk wanda ya biya su ɗan wasa zai iya tafiya, kamar Yuro miliyan 222 da aka biya Barcelona a kan Neymar a 2017. Wasu 'yan kallo kan kira wannan “kuɗin fansa”. Ta fuskar ma'ana, aron yana da hikima. Amma wata rana a wani teburin shayi, wani saurayi ya ce wata ƙungiya “ta ƙi biyan kuɗin fansa, sai a bar shi ya ruɓe a can”. Majalisa ta yi tsit. Wani dattijo da aka sayar da amfanin gonar gidansu aka karɓo ƙaninsa daga daji ya ajiye kofinsa ya ce, “Yaro, nemi wata kalma. Wannan ba ta wasa ba ce a garin nan.” Saurayin ya ce, “Baba, a yi haƙuri.” Hira ba ta sake tashi ba a daren.

Wannan dattijo ya yi tarken da ya fi nawa. Ya nuna cewa nauyin kalma ba a ƙamus kaɗai yake ba, yana ga abin da al'umma ta gani da idonta. Abin da zai wuce a matsayin raha a wani gari, a Birnin Gwari fami ne. Kuma harshen bai rasa madadi ba. Akwai “ɗauko”, akwai “sauya sheƙa”, wadda ta mai da ɗan wasa tsuntsu mai zaɓin inda zai sauka, akwai “kuɗin warware yarjejeniya”. Dukansu sun fi kusa da gaskiyar al'amari, kuma ba su tauye darajar mutum ba.

5.3 Kirarin wanda ba a sani ba

Rauni na uku shi ne kusan dukan hirar a kan Turai take. Kirari na ainihi yakan ambaci asali da gari da ubangida da wuraren da gwani ya yi bajinta. Ɗan kallon da bai san ɗan wasa ba sai ta akwatin talabijin, kirarinsa yakan tsaya ga gudu da ƙarfi da kuɗi. Bambancin ya fito a Afrilun 2021, lokacin da Ahmed Musa ya dawo Kano Pillars, ƙungiyar da ya ci wa ƙwallo 18 a kakar 2009/2010 kafin ya tafi Turai, har Leicester ta ɗauke shi daga CSKA Moscow a 2016. Nan take hirar ta sami tsoka, aka shiga zancen halacci da komawa gida da alherinsa ga jama'a. Jihar Kaduna tana da nata abin tunawa, kamar Ranchers Bees da kuma Kaduna United da ta ɗauki Kofin Tarayya a 2010, amma da wuya matashi ya ambace su. Adabin da ba ya wasa nasa, rabin aikinsa yake yi.

6.0 Kammalawa

An ga cewa hirar ƙwallo ta damina tana da zubi, tana da salo, tana kuma raya karin magana da kirari da zambo a bakin matasan da ake zargi da watsi da su. An kuma ga inda ta yi tuntuɓe. Shawarata biyu ce. Ta farko, ɗaliban nazarin adabin baka su ɗauki wannan hira daga bakin masu ita, gari-gari, kafin a ce babu sabon abin nazari a fagen. Ta biyu, masu fassarar labarin wasanni a gidajen rediyo, waɗanda daga gare su yawancin kalmomin ke gangarowa, su riƙa auna kalma da kunnen wanda zai ji ta. Daga cikin masu sauraronsu akwai mutanen bakin dajin Kamuku, waɗanda suka san lokacin bazara, suka kuma san abin da ake nufi da fansa.