Gada ɗaya, zane fiye da 40: me Monet yake nema?

Mai karatu, in aka ce maka mutum ya zana gada guda fiye da sau 40, na san abin da za ka ce: ko basira ta ƙare, ko kasuwa ta buɗe. To, haka Bafaranshen nan Claude Monet ya yi wa gadar Waterloo ta birnin Landan. Sau uku yana zuwa tsakanin 1899 da 1901, ya sauka a otal ɗin Savoy, ya yi ta kallon kogin Thames daga sama.

Kasuwa kam akwai ta, tunda a 1904 ya baje zanukan kogin har 37 a Paris. Amma ƙarewar basira? A'a. Ka lura, a bakin kogi komai tafiya yake: ruwa, jirage, rana, hayaƙi. Gada ce kaɗai ke tsaye, shi ya sa masu zane ke son ta. Monet ya mai da ita turke, don idonka ya samu abin auna sauyi. Jera zanukan ka gani: nan gadar shuɗiya ce, can ta yi ja-ja, a wani kuma sai ka ƙura ido kafin ka gano bakunanta, kamar mai hangen gari cikin hazon hunturu.

Sai dai fa hazon nan ba na Allah da Annabi ba ne, rabinsa hayaƙin kwal ne. Irinsa ne ya kashe aƙalla mutum 4,000 a Landan cikin Disambar 1952. A nan nake da ja da Monet. Masu tsallaka gadarsa ɗige-ɗigen fenti ne kawai, ba ka jin akwai mai tari a cikinsu.

Kwatanta da zanen Hiroshige na Japan na 1857: ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya a kan gadar Ohashi ta birnin Edo, wato Tokyo ta yau. Mutane ƙalilan ne, sun duƙa, wani da laima, wani ya lulluɓa tabarma, kowa na sauri. Kai da ke kallo sai ka ji tausayinsu, don a tsakiyar gada babu wurin fakewa. Ko ka yi gaba, ko ka koma. Van Gogh ma sai da ya kwaikwayi wannan zane a 1887.

Ita kuwa gadar Monet, kada ka je Landan nemanta. An rushe ta a shekarun 1930, wata ce daban a wurin yanzu.