Doki Ba Linzami: Muhawarar Tsofaffin Motocin Japan

A fadarmu, da zarar an ɗora shayi na biyu, hira takan koma kan moto. Wani ya ciro waya ya nuna hoton tsohuwar Kawasaki, wani ya ce Honda ce uwarsu. Tambayar kullum ɗaya ce: wacce ta fi gudu? Ni kuwa, ƴan uwa, ina ganin tambayar ce ma ke da gyara.

Mu ɗauki uku. A 1969 Honda ta fito da CB750: silinda huɗu, ƙarfin doki wajen 67, ana tada ta da maɓalli, kuma tayar gaba na da birki mai faifai, abin da a lokacin ba a saba gani ba a moton kasuwa. A shekarar dai Kawasaki ta saki H1 Mach III, mai cc 500 da silinda uku, injin irin mai ƙona man inji tare da fetur yana tuttulo hayaƙi. Dokinta 60 ne, ga ta ba nauyi. Sai 1972 Kawasaki ta dawo da Z1, cc 903, doki 82, tana wuce kilomita 200 a awa.

In lissafi kawai za a bi, Z1 ta cinye, H1 kuma ta ba da mamaki, don wajen tashi ba ta jin tsoron waɗanda suka fi ta girma. Amma fa injin H1 ya fi ƙarfin jikinta. Ka murɗa mata wuta tayar gaba ta ɗaga sama, a kwana ta riƙa rawa, birkinta na farko kuma irin na da ne, bai kai gudunta ba.

A matsayina na ɗalibin ilimin harshe, sunayen da aka laƙa musu sun fi lambobi faɗa mini gaskiya. Masu Turanci sun kira CB750 da kalmar da ke nufin moton da ta zarce saura. Kawasaki masu silinda uku kuwa, laƙabinsu shi ne “mai sa mata takaba”. Ba ƴan talla ba ne suka raɗa wannan suna.

Mu da muka san hawan salla mun san ba a yabon doki don sukuwa kaɗai. Sai an ga yana jin linzami. Saboda haka ni CB750 na ba, ko da Z1 ta fi ta gudu: inji, jiki da birkinta sun tafi daidai.

In an sake tada zancen a fada, ka tambayi mai cika baki: “To, abokina, a mita nawa take tsayawa?” Ɗan kabu-kabun da ke ɗauko ƙanwarka daga makaranta ma, tambayar da ta dace da shi ke nan.